Tsohon wasa ya dawo dandali: maganar wa za a kama, ta ƴan kallo ko ta masu sharhi?

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Haka abin yake ga wasan kwaikwayo, wanda jama'a suka fi sani da teyatur. Wasan da aka gina bisa gaskiya akan ajiye shi shekara da shekaru, sa'an nan wata rana a ɗauko shi, a kakkaɓe, a sake ɗora shi bisa dandali da sababbin ƴan wasa. Amma duk ranar da aka yi haka sai gardama ta tashi tsakanin mutane iri biyu. Akwai ƴan kallo, waɗanda suka biya kuɗinsu suka shiga. Akwai kuma masu sharhi, watau ma'aikatan jarida waɗanda sana'arsu ita ce su kalli wasa, su rubuta abin da suka gani, su yaba ko su kushe. Sau da yawa bakinsu ba ya zuwa ɗaya. To, maganar wa za a kama?

Akwai wani wasa na ƙasar Amurka wanda ya isa misali a kan wannan tambaya. Sunansa A Raisin in the Sun, watau Zabibi Cikin Rana. Wata baƙar mace ce ta rubuta shi, Lorraine Hansberry, haifaffiyar birnin Shikago. An fara nuna shi ran 11 ga watan Maris na shekarar 1959 a Broadway, unguwar manyan gidajen wasa ta birnin Niyok. Kafin wannan rana ba a taɓa nuna wasan da baƙar mace ta rubuta a unguwar ba. Lokacin kuwa ba ta cika shekara 30 da haihuwa ba.

Abin da wasan ya ƙunsa

Labarin wani gida ne na baƙaƙen fata a Shikago, gidan Younger. Mutum biyar ne cikin ɗan wurin haya, suna tarayyar makewayi da maƙwabta. Akwai tsohuwa Lena, wadda mijinta ya rasu. Akwai ɗanta Walter Lee, direban wani attajiri, da matarsa Ruth, mai aikatau a gidajen mutane, da ɗansu Travis, wanda ba shi da ɗaki sai kujerar falo yake kwana. Sa'an nan akwai ɗiyar tsohuwa, Beneatha, ƴar makaranta mai burin zama likita.

Marigayi maigidan ya bar kuɗin inshora, watau kuɗin da mutum ke zubawa kaɗan kaɗan yana da rai, domin a biya iyalinsa bayan mutuwarsa. Dala 10.000 ne, dalar Amurka, ba dalar nan ta kasuwa ba. Tun kafin kuɗin su iso kowa ya riga ya kashe su cikin zuciyarsa. Walter yana so ya buɗe kantin sayar da giya tare da abokansa, ya huta da tuƙa motar wani. Tsohuwa ta ce addininta bai yarda ba. Ta je ta ba da kafin alƙalami na dala 3.500 a kan wani gida, a wata unguwa inda babu baƙar fata ko ɗaya, domin a can ne ta sami gida mai kyau da araha. Da ta ga ɗanta ya karaya ya shiga shaye-shaye, sai tausayi ya kama ta. Ta danƙa masa sauran dala 6.500, ta ce ya ajiye 3.000 a banki saboda karatun ƙanwarsa, saura kuwa shi ke da iko da su. Walter ya kwashe duka ya ba abokinsa, abokin ya gudu da su.

Ana cikin haka ga wani Bature, wakilin mutanen sabuwar unguwar. Ya zo da ladabi da murmushi, ya ce jama'arsa a shirye suke su sayi gidan da riba, in dai iyalin za su fasa tarewa. Da fari Walter ya kore shi. Bayan da kuɗi suka salwanta ya sake kiransa, da niyyar ya karɓa. Tsohuwa ba ta yi masa faɗa ba. Cewa ta yi jikanta ya tsaya nan ya ga abin da ubansa zai aikata. Walter ya dubi ɗansa, bakinsa ya kasa furta cinikin, ya ce wa Baturen za su tare a gidansu. Suka ɗaure kaya, tsohuwa ta ɗauki ƴar shukarta ta cikin kasko, suka fita. Nan wasan ya ƙare.

Akwai kuma wani saurayi cikin labarin, Joseph Asagai, Bayarabe ɗan Nijeriya mai karatu a Amurka, wanda ke neman Beneatha da aure, yana roƙonta ta bi shi Afirka ta yi aikin likita. Marubuciyar ba da ka ta ƙago shi ba. Wan mahaifinta, William Leo Hansberry, malamin tarihin Afirka ne a jami'ar Howard, kuma Nnamdi Azikiwe yana cikin waɗanda suka yi karatu a gabansa. An nuna wasan shekara guda kafin Nijeriya da Nijar su sami mulkin kai.

Kuskuren masu yabo da na masu suka

Wasan ya karɓu tun daga farko. An nuna shi sau 530. Ƙungiyar masu sharhi ta Niyok ta ba shi kyautar wasan da ya fi kowanne a shekarar. Lloyd Richards ne ya shirya shi, Sidney Poitier ya fito a Walter, Claudia McNeil ta fito a tsohuwa. A 1961 aka mai da shi fim. Marubucin nan James Baldwin, wanda ya kalle shi a birnin Filadelfiya, ya ba da labarin cewa bai taɓa ganin baƙaƙe da yawa haka a gidan wasa ba. A ganinsa dalilin a fili yake: sun daɗe ba sa zuwa ne domin ba su taɓa ganin rayuwarsu bisa dandali ba.

Amma yabon da aka yi a lokacin yana da gurgunta. Masu sharhi da dama sun ce wasan ba na baƙar fata ba ne, na kowane gida ne, kuma ya ƙare da farin ciki. Wannan magana ba ta yi wa marubuciyar daɗi ba, domin ta san abin da ke jiran iyalin a sabon gida. Tana ƴar shekara 8 mahaifinta ya kai iyalinsa wata unguwar Turawa a Shikago. Taron mutane ya kewaye gidan, aka jefo ƙaton dunƙulen siminti ta taga, saura kaɗan ya same ta. Shari'ar gidan ta kai har kotun ƙoli ta Amurka, wadda ta yanke hukunci a 1940. Saboda haka da aka ce mata wasan ya ƙare da farin ciki, sai ta gayyaci mai faɗin haka ya je ya zauna a irin unguwar ya gani da idonsa. Gani ya kori ji.

Waɗansu masana baƙaƙe kuma suka ɓullo ta wata fuska. A 1967 Harold Cruse ya kushe wasan cikin littafinsa, ya ɗauke shi labarin masu son zama kamar Turawa. Marubuci Amiri Baraka ma haka ya gan shi a shekarun 1960. Amma wajen shekara 20 bayan haka Baraka ya rubuta a fili cewa shi da abokansa sun yi kuskure, cewa burin samun gida da mutunci shi ne ainihin burin talakawan da suke da'awar suna yi wa magana. Marubuciyar ba ta ji wannan tuba ba. Ciwon daji ya kashe ta cikin watan Janairu na 1965, tana da shekara 34.

Abin lura a nan shi ne, masu yabo sun yi kuskure, masu suka ma sun yi. Talakawan da suka cika gidan wasa a 1959 sun riga su fahimtar abin da ke gabansu.

Gardamar shekarar 2004

Shekara 45 suka wuce kafin wasan ya sake hawa dandalin Broadway a siffarsa ta asali. A 2004 Kenny Leon ya shirya shi. Wanda aka ba matsayin Walter shi ne Sean Combs, mawaƙi kuma ɗan kasuwa, mai suna ƙwarai wurin samari a wancan lokaci, amma bai taɓa hawa dandalin Broadway ba. Da yawa daga masu sharhi suka ce takalmin Poitier ya yi masa yawa. Suka ce ya yi iyakar ƙoƙarinsa, amma zafin zuciyar Walter bai fito ba. Yabonsu duka sai ya koma kan matan: Phylicia Rashad a matsayin tsohuwa, Audra McDonald a matsayin Ruth, da Sanaa Lathan a matsayin Beneatha.

Ƴan kallo kuwa ba su tsaya jin ta bakin jarida ba. Gidan ya yi ta cika, masu zuba jari suka mai da kuɗinsu tun kafin a rufe. Cikin masu zuwa akwai baƙaƙe da samari masu yawa, waɗansunsu ba su taɓa taka gidan wasa na Broadway ba. Kuma ba su zauna shiru kamar yadda aka saba a can ba. Suna amsa wa ƴan wasa da murya, suna tafi, suna dariya, wani lokaci ma a wurin da masu sharhi ke ganin kuka ya kamata. Waɗansu suka ɗauki wannan rashin sanin ladabin kallo.

A wannan gaɓa gaskiya tana wajen ƴan kallo. Dariya iri-iri ce. Akwai ta raini, akwai kuma ta wanda ya ga gidansu. A ɗauki wurin da Beneatha ta yi maganar da ta taɓa Allah, uwarta ta tashi ta mare ta, ta sa ta janye maganar. Mai sharhi yana duban yadda aka tsara fitar, yana auna ta da ta 1959. Amma wadda ta tashi a hannun irin wannan uwa, in ta ga marin sai ta tuna nata kuncin, dariya ta kuɓuce mata. Wani abin in ya wuce kuka sai dariya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wasan da ya sa mutum ya manta yana gaban jama'a har ya amsa wa tsohuwa da baki, lalle ya yi aikinsa. Zaman shiru a gidan wasa al'ada ce ta waɗansu mutane a wani zamani. Ba ita ce ma'aunin fahimta ba.

Haka nan zancen cewa sunan mawaƙi ne ya jawo su. Gaskiya ne, amma ina laifin? Saurayin da ya shiga domin ya ga mawaƙi ya zauna wajen awa uku yana sauraron maganar Lorraine Hansberry, ya fita da labarin gado da amana da mutunci. Da wasa ake faɗa wa mutum gaskiya. Ƙofar da ya bi ya shiga ba ita ce abin dubawa ba.

Sai dai masu sharhi ma ba a banza suka yi magana ba. Abin da suka gani game da matan ya tabbata: a shekarar Phylicia Rashad ta ci kyautar Tony, babbar kyautar wasan Broadway, ta zama baƙar mace ta farko da ta ci ta a matsayin babbar ƴar wasa cikin wasan da ba na kiɗa da waƙa ba, alhali tun 1947 ake ba da kyautar. Audra McDonald ma ta ci tata. Kuma gargaɗinsu game da jingina wasa ga sunan mutum guda yana da tushe. Suna abu ne mai tashi da faɗuwa. A 2025 wata kotu a Niyok ta sami Sean Combs da laifi ta ɗaure shi fiye da shekara 4. Da a ce darajar wasan a kansa ta rataya, da ta faɗi tare da shi.

Wasan wa ne, na uwa ko na ɗa?

Akwai wata tambaya da ke tasowa duk lokacin da aka sake wasan: labarin tsohuwa ne ko na ɗanta? Tun 1959 Poitier da McNeil sun yi saɓani a kan haka. A 2004 mata suka rinjaya. A 2014 Kenny Leon ya sake shirya shi a gidan wasa na Ethel Barrymore, inda aka fara nuna shi, wannan karon da Denzel Washington, gwanin da babu mai shakkar iyawarsa. Amma shekararsa 59, Walter kuwa 35 marubuciyar ta ba shi, har sai da aka gyara maganar aka ce 40. Wadda ta fito a uwarsa, LaTanya Richardson Jackson, da shekara 5 kacal ta girme shi.

Nan ma baki ya rabu, har tsakanin masu sharhi su kansu. Waɗansu suka ce ya tsufa da matsayin. Waɗansu suka ce tsufan ya ƙara wa labarin nauyi, domin saurayi in ya yi hasarar jari yana da sauran lokaci, amma magidancin da furfura ta fara kamawa ya san wannan ce damarsa ta ƙarshe. Jama'a dai sun cika gidan, har shugaba Barack Obama da uwargidansa sun je kallo cikin watan Afrilu. Wasan ya ci kyautar Tony uku: ta tsohon wasan da aka fi iya sakewa, ta mai shiryawa, da ta Sophie Okonedo wadda ta fito a Ruth. Denzel Washington kuwa ko cikin jerin ƴan takara bai shiga ba.

A 2022 wani mai shiryawa, Robert O'Hara, ya bi wata hanya dabam a wani gidan wasa na Niyok. Domin kada kowa ya sake fita yana cewa an ƙare da farin ciki, sai ya nuna sabon gidan a ƙarshe, an rubuta zagin wariyar launi a jikinsa. Waɗansu suka ce ya fito da abin da marubuciyar ke nufi. Waɗansu suka ce ya sa mata magana a baki, kuma bai amince wa hankalin ƴan kallo ba. Masu wannan ra'ayi na biyu sun fi kusa da gaskiya. Haɗarin da ke jiran iyalin yana nan cikin rubutun. Akwai ma wata fita da aka cire a 1959 aka mayar daga baya, inda wata maƙwabciya ta shigo da jarida mai labarin bam da aka sa wa wani gidan baƙaƙe a unguwar Turawa. Wanda ya ji wannan ba ya bukatar a rubuta masa a bango.

Alƙalin da ya rage

To, maganar wa za a kama? Kowanne da aikinsa. Ƴan kallo su ne shaidun cewa wasa yana da sauran rai. In tsohon wasa ya dawo kujeru suka zauna wayam, ko jama'a suka fita ba abin da ya taɓa su, yabon jarida ba zai tashe shi ba. Masu sharhi kuma su ne masu tuni. Su ke tuna yadda aka yi shi a da, su ke faɗa in an sayar da labari saboda sunan wani, ko an rage masa ɗaci domin a faranta wa masu biyan kuɗi. Laifinsu yana farawa ne ranar da suka bar auna wasa suka koma auna mutanen da suka zo kallo. Laifin ƴan kallo kuma shi ne su ɗauka cikar gida ita kaɗai ce shaidar kyau.

Amma akwai na uku wanda ya fi su duka daɗewa, shi ne rubutun. Poitier ya rasu a 2022, McNeil ta riga shi tun 1993, jaridun 1959 sun koma ɗakin ajiya. Abin da ya sa aka iya sake buɗe shari'ar a 2004 da 2014 da 2022 shi ne wata mace ta zauna ta rubuta kowace magana a takarda, aka buga, aka adana har da wuraren da aka cire. Da rubutun ne Baraka ya gane kuskurensa. Da shi ne ake gane wanda ya ƙara da wanda ya rage.

Wannan darasi ya shafi ƙasar Nijar kai tsaye. A shekarun 1970 da 1980, zamanin samariya da bukukuwan matasa na ƙasa, teyatur na Hausa ya bunƙasa ƙwarai. Ƙungiyar Damagaram ta su Yazi Dogo ta shiga gidaje ta rediyo da talabijin da wasanni a kan aure da gado da zaman iyali, irin batutuwan da ke cikin gidan Younger. Amma yawancin wasannin nan ba a rubuta su kalma da kalma ba. Akan shirya ƙashin labari, ƴan wasa su tufatar da shi da hikimar bakinsu. Wannan gwaninta ce babba, sai dai tana tafiya tare da mai ita. Wasan da ba a rubuta ba, yaya jikoki za su sake ɗora shi bisa dandali, balle su yi gardama a kansa?

Saboda haka aiki yana jiran mutane biyu. Ma'aikatan da ke kula da al'adu da gidajen rediyo da talabijin, ya kamata su nemo faifan tsofaffin wasanni, su sa a saurara a rubuta su da Hausa, a buga su ƙananan littattafai masu araha. Waɗanda suka yi karatun yaƙi da jahilci kuma, ga inda iliminsu zai yi amfani: su karanta, su kafa ƙungiya a unguwa ko a ƙauye su sake wasan, wanda ya kalla kuma ya ɗauki alƙalami ya rubuta abin da ya gani, ya yaba inda ya dace, ya kushe inda ya dace. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ranar da aka sami mai wasa da mai kallo da mai sharhi suna jayayya da Hausa a kan wasan da kakanninsu suka kalla, ranar ce za a ce zumar ta tsufa kuma ta yi magani.

Allah shi ba da ikon adana abin da magabata suka bari.